Tambayar Da Muka Yi Da Safe

Masu turo min saƙo kuna cewa na yi dace, kuna roƙon Allah Ya ba ku irin mijin da zan samu, don girman Allah ku dakata da wannan addu'ar. Ku bari in kai ku inda nake tsaye yau. In kun ji, wadda har yanzu take so sai ta ɗaga hannu ta roƙa.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, ni ce yarinyar nan ta shirin Rige-Rige, mai farin tabarau, wadda take cije leɓe kafin ta danna maɓalli. A gida Auta ake ce min. A wani kemis na bakin titi nake aiki, daga safe zuwa la'asar ina miƙa maganin mura da na ciwon kai. Shirin kuwa kun san shi. Mutum huɗu a tsaye, kowa da maɓalli a gabansa, Mai Gabatarwa ya karanto tambaya, wanda fitilarsa ta riga kamawa shi ne da amsa. Wanda ya ci ya dawo mako mai zuwa. Ni tun farkon zangon nan nake dawowa, ba a samu wanda ya ture ni ba.

Babana ne ya jefa ni ciki. Gyaran rediyo yake yi kafin idonsa ya dusashe. Bai yi nisa a makaranta ba, amma ya yi rayuwarsa kunne a manne da rediyon mutane yana gwaji, duk abin da aka faɗa kuma ya kwashe ya ajiye. Tun ina 'yar mitsitsiya ba ya ba ni shayi sai na amsa tambaya.

"Auta, wace gaɓa ce ke tace jini?"

In na ce ƙoda, ya miƙo kofi. In na kuskure, ya kurɓe rabi ya ba ni saura, Mama tana faɗan zai ramar mata da 'ya.

Ranar da aka fara haska Rige-Rige ya ce da ni, "Kin ga wannan shirin? Nan kaɗai ne ba a tambayarki 'yar wane ce ke. Maɓalli bai san mai kuɗi ba, bai san mai gyaran rediyo ba. Wanda ya sani ya danna." Har ransa ya yarda da haka, ni ma a bakinsa na koya na yarda.

Da za ku ga falonmu ranar Juma'a da yamma, da kun yi dariya. Takalman maƙwabta sun toshe ƙofa, yara a ƙasa, manya har kan hannun kujera. Mama tana mitar an tattake mata kafet, bakinta kuwa ya ƙi rufuwa. Baba ya ja kujerarsa dab da talabijin, ya karkata kunne, yana riga kowa faɗin amsa. Ku sani fa, shirin ba kai tsaye ake haska shi ba. Ranar Talata ake ɗauka, a gyara, a yanke abin da ba a so, sannan a saka Juma'a. Wato ina zaune a tsakiyarsu da zanen gida da ɗankwali, an riga an gama komai, amma sai ku ji falon ya ɗauka, "Danna, Auta! Danna mana!"

To, shi kuma, mutumin da kuke cewa na yi dace da shi. A wayata Mai Tambaya na rubuta masa. A ɗakin jiran gidan talabijin muka haɗu, wurin abin da suke kira hirar sabo: kafin ɗauka wani ya zauna da kai ya ji me kake so, me kake karantawa, don Mai Gabatarwa ya samu abin tsokanarka da shi. Shi ne ya yi min tawa hirar. Riga mai ruwan toka da ta sha guga, agogon da yake juya fuskarsa ta cikin hannu, turare mai sanyi da ba ya hawa kai. Muryarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji. Ya ce min shi ɗan aike ne kawai a wurin, ya tarbi baƙi, ya maƙala musu makirfo.

Abin da ya kama ni, bai taɓa turo min "kin ci abinci?" ba. Kun san samarin nan, safe kin ci abinci, rana kin ci abinci, kamar a gidan yunwa aka haife ki. Shi labari yake ba ni.

"Gwana, yau na ga hoton raƙumi na tuna ki."

"Raƙumi? Na gode da yabo."

"Don kowa ba yadda yake ba yake kallonsa. Ana cewa ruwa ne a tozonsa. Kitse ne."

"To ni wanne ne, ruwan ko kitsen?"

"Ke ce wadda ba a gama sani ba."

Na kifa wayar a ƙirji ina murmushi ni kaɗai, har mai kemis ta tambaye ni ko lafiya. Talatar da ta biyo, Mai Gabatarwa ya ɗaga kati ya ce, "Mene ne raƙumi ke ajiyewa a tozonsa?" Kafin ya rufe baki fitilata ta kama. Da na fito na ba shi labari ina dariya, ya ce, "Kin gani ko? Allah ne Ya haɗa jininmu."

Daga nan sai ƙashin da ya fi kowane ƙanƙanta a jikin mutum, wanda ke cikin kunne. Sai wuyan raƙumin dawa, wai duk tsawonsa yawan ƙasusuwansa ɗaya da namu. Kowanne ya zo min a hira, ya sake zuwa min a kati. Wani abu yana ɗan sosa min rai, sai in ce ai duniya ce, abin da mutum ya ji jiya shi yake lura da shi yau. Ina son ci, ina son yadda Baba yake fita ƙofar gida da sanda yana karɓar barka, kuma ina son mutumin. Ba zan ɓoye muku wannan ba.

Gidanmu kuwa ya riga ya gama da su. In zai zo, ga batirin rediyon Baba, ga maganin ɗiga a ido. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Mama. Ba ta ma kiran sunansa, ɗan albarka take cewa. Da ya ce yana so ya turo manyansa da zarar an yi zagayen ƙarshe, na ce ya ɗan ba ni lokaci. Ban san yadda maganar ta riga ni isa kicin ba.

"Lokacin me?" Mama ta ce, ludayi a hannu. "Mutum ya zo da mutuncinsa, ke kina cewa lokaci? Sayar da shi ake yi a kemis ɗin naku?"

Yayata, wadda ke aure a bayan layinmu amma ta fi mu zama a gidan, ta cafe. "Ƙyale ta, Mama. Talabijin ce ta hau mata kai. Auta, fuska a akwati ba ta daɗewa. Yau ana tafa miki, gobe a ce wace ce ma? Ki kama tun ana yayinki."

"Yaya, ni fa ban ce ba na so ba."

"To ki ce kina so, mu ji da kunnenmu."

Ni kaina a lokacin ban san me ya riƙe min harshe ba.

Ana saura mako guda zagayen ƙarshe na sani. Da rana tsaka, kemis ba kowa, fanka tana juyawa a kasalance, wata mata ta shigo da fararen kayan asibiti da jaka a kafaɗa. Ta ce in ba ta maganin ciwon kai. Sai da na miƙa mata muka haɗa ido. Nas ce, gwanar da ke kan shirin kafin ni, wadda na kayar ranar da na fara zuwa. Ta rame, idonta ya faɗa.

"Anti, sannu da zuwa. Ban gane ki ba."

"Ba kowa ke gane ni ba yanzu, kuma na gode wa Allah." Ta juya kwalin maganin a hannunta. "Ke da wane labari ya fara miki, mutumin nan na gidan talabijin? Ni da na jemage ya fara."

Na ce ban gane ba. Ƙarya nake, nan take labarin raƙumin nan ya faɗo min.

"Ya ce miki ɗan aike ne ko? Shi yake zaɓen tambayoyi, shi yake jera katin, shi kuma yake zama a kan faifan bayan ɗauka ya yanke abin da ya ga dama. Gidan talabijin ba ruwansu. Su dai a samu fuska ɗaya da mutane za su riƙe su yi ta dawowa kallo. In an gaji da ita a sauya. Shi yake zaɓen fuskar."

"Amma ni ina karatu, Anti. Babana tun ina ƙarama..."

"Ni ma ina karatu. Ai ba jahilai yake ɗauka ba, da an gane." Ta matso da kanta kan kanta. "Da ya yi min maganar aure na ce ina da wanda nake so, bai yi fushi ba. Ya ce ba komai, mu ci gaba da zumunci. Sai hira ta juya. Me na fi tsana a makaranta? Na ce taswira, ni da koguna da duwatsu ba ma ga maciji. Kin tuna tambayoyin ranar da kika kayar da ni?"

Na tuna. Koguna ne da duwatsu daga farko har ƙarshe. Na kuma tuna a hirar sabo na faɗa masa Baba ya sa na haddace kogunan duniya kamar karatu.

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Washegari ya turo min hotunan hirarmu, kowanne da kwanan watansa. Bai ce komai ba, hotunan kawai. Wa zai yarda labarin soyayya na ɗauka nake ji? Cewa za a yi an ba ni amsa na karɓa. Ni da ke riƙe da marasa lafiya, in aka ce maguɗi nake yi, wa zai sake miƙo min hannunsa in yi masa allura?" Ta ajiye kwalin. "Ba ciwon kai nake ba. Na ga yadda kike ambaton babanki a shirin ne, na kasa zama."

Bayan ta fita na daɗe a tsaye ina kallon titi. Wata ta zo sayen maganin tari na miƙa mata auduga.

A ranar na yanke shawara, kuma a lokacin gani nake na yi dabara. Na ce ba zan sake buɗe saƙonsa ba sai an gama. Ba zan yi faɗa ba, ba zan tone shi ba, zan dai toshe kunnena. In na ci, da kaina na ci. In na faɗi, na faɗi da mutuncina. Na kashe ƙarar lambarsa, na tura wayar ƙasan jaka. Saƙonni suna ta taruwa, in ga sunansa ya leƙo saman gilashi in kawar da kai.

Na koma wurin malamina na farko. Na ce, "Baba, mu dawo da shayin tambaya."

Wayyo, ku ga fuskarsa. Kamar na mayar masa da idonsa. Kowace safiya ya zauna a kan tabarmarsa ta bakin taga, buta a gefe, kofina a hannunsa yana riƙe da shi garkuwa. Tambayoyin kuma ba irin na da ba ne da na haddace. Sababbi ne, masu kaifi, wasu ban taɓa jin su ba.

"Baba, ina kake samo waɗannan?"

"Ido ne ya tsufa, Auta, kai yana nan daram." Ya buga goshinsa da yatsa yana dariya.

Ban taɓa jin daɗin mako kamar wannan ba. Ina ji a raina na wanke hannuna. Abu ɗaya ne yake ɓata min rai: in na dawo daga kemis sai in ji ƙamshin turaren nan mai sanyi a falo, ga sabon batir a kan tebur.

"Ɗan albarka ya leƙo," in ji Mama, tana harara ta. "Ya ce kin daina amsa masa, bai san laifin da ya yi ba. Yaron nan har idonsa ya yi ja. Ya zauna da babanki suka yi ta hira har la'asar. Ke dai ki ji tsoron Allah."

Na ce a raina, yi ta zuwa, ka saye gidan duka in ka ga dama, ni dai ba ka da hanya a kaina. Kamun ƙafa na ɗauka yake yi. Iyakar tunanina ke nan, ni mai farin tabarau da ake cewa gwana.

Safiyar Talata, ranar zagayen ƙarshe, Baba ya riƙe kofin ya gyara murya.

"Wace duniya ce takan gama zagaya rana kafin ta gama juyawa sau ɗaya a kan kanta?"

Na yi tunani har na cije leɓe. "Baba, wannan kam ka kama ni."

"Zara mana! Tauraron nan mai haske da kike gani kusa da wata." Ya lalubo buta ya ajiye a tsakiyar tabarma. "Ga rana." Ya ɗauki kofina yana zagaya butar da shi, yana murza shi a hankali a hankali, shayin yana tangal-tangal. "Kin gani? Ta dawo inda ta tashi, ba ta ko gama waiwayowa ba. Kamar yayarki in an aike ta."

"Ina jin ku fa!" Yaya ta ɗaga murya daga ɗaki.

Ya kurɓe rabin shayin ya ba ni saura. Mun yi dariya har Mama ta ce mu tashi mu shirya, mota na zuwa. Sai a lokacin na ji wai Mai Tambaya ne ya aiko da mota, kuma ya ajiye wa iyalin gwana kujerun gaba.

Na saka doguwar riga mai ruwan zuma da ƙananan duwatsu a wuya, mayafi ruwan madara, takalmi marar tsini don tsayuwar tana da tsawo. Mama ta fito da leshinta na ƙasan akwati. Baba kuwa fararen kayansa ya saka, waɗanda ba ya taɓawa sai babban dalili, Yaya ta karya masa hula ta gyara masa ita sau ba adadi. A mota sai tambayar direba yake ko ya san wa ya ɗauko.

Ɗakin ɗaukar sanyi ƙalau kamar kullum, wayoyi a manne a ƙasa da baƙar salatif, fitilu a sama suna gasa ƙeya. Ga mutumin nan da ke tsayawa a gefe yana ɗaga hannu in ana so a yi tafi. Abokan karawata uku: wani malamin sakandare mai gemu, wata ɗalibar jami'a, da wani ma'aikacin banki da ke ta share zufa. Ina tsaye a bayan maɓallina na ji ƙamshin turaren kafin in gan shi.

Ya maƙala min makirfo a gefen mayafi, yatsunsa ko rawa ba sa yi.

"Ba ki karanta saƙonnina ba."

"Ban karanta ba."

"Ba sai kin karanta ba, Gwana."

Ya yi murmushi ya wuce. Na bi shi da ido har kujerun gaba. Ya durƙusa a gaban Baba, ya maƙala masa shi ma makirfo a wuyan riga, na ji yana cewa ai in an gama za a ji ta bakin mahaifin gwana. Baba ya dafa kansa yana sa masa albarka.

Aka ƙirga, fitilar kyamara ta yi ja, aka yi tafi. Mai Gabatarwa ya baje haƙoransa ya ɗaga katin farko. Ban ma tsaya tunani ba, hannuna ya danna, na amsa, aka tafa. Ta biyu ma haka. Sai da bakina ya furta amsa ta uku na ji muryar Baba a cikin kaina, a kan tabarma, ranar Asabar, yana min ita. Ta farkon ranar Alhamis ya yi min. Ta biyun shekaranjiya.

Ashe da na toshe kunnena, ta bakin da ba zan taɓa toshe wa kunne ba ya biyo. Ya zauna a falonmu ya yi ta ba tsoho labarai, ya san sarai Baba ba ya jin sabon abu ya kwana da shi bai mayar min da shi tambaya ba.

Mai Gabatarwa ya ɗaga wani katin. "Wace duniya ce takan kammala zagaya rana tun ba ta gama juyawa sau ɗaya a kan kanta ba?"

Na janye hannuna daga maɓallin, na haɗe su a bayana. Malamin ya ɗaure fuska yana tunani, ɗalibar tana kallon silin, na banki ya sunkuyar da kai. Ba fitilar da ta kama. Agogon shirin yana ta bugawa, ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina, bari ta wuce, ya Allah bari ta wuce.

"Auta!"

Muryar ta fito ta kowace sifika a ɗakin, ƙato-ƙato.

"Auta, ai yau da safe muka yi wannan! Kofi da buta! Kin manta ne?"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Murmushin Mai Gabatarwa ya bushe a fuskarsa. Mama ta dafe bakinta. Wata murya daga sama ta ce a tsaya, fitilar kyamara ta mutu.

Malamin mai gemu ya juyo ya dube ni, sannan ya dubi Baba. Cikin ladabi ya yi maganar, wannan ne ma ya fi ciwo. "Baba, a ina kuka samu tambayar, har kuka yi ta yau da safe?"

Baba ya miƙe zaune, ya bugi ƙirjinsa a kan farar rigar. "Daga kaina, ɗana! Ni na koyar da ita tun tana ƙarama. Duk waɗanda aka yi yanzu ma mun yi su a gida."

Aka fara ƙus-ƙus a baya. Ya juya kansa hagu da dama yana neman inda hayaniyar take, murmushinsa yana raguwa kaɗan kaɗan. "Na yi laifi ne? Auta, ba a magana ne a nan?"

Mai Gabatarwa ya yi maza ya mayar da abin wasa, wai da kowa na da uba irin wannan da sun rufe shirin. Mai ɗaga hannu ya ɗaga, aka yi tafin dole. Mai Tambaya kuma ya riga kowa isa wurin Baba, ya cire makirfon a hankali, ya riƙe hannunsa yana cewa ba komai Baba, zumuɗi ne, kowa ya gane. Sannan ya tako zuwa wurina kamar mai gyara min nawa. Ya kashe shi tukuna kafin ya yi magana.

"Faifan a hannuna zai kwana. In na yanke wurin, tsoho ne ya yi zumuɗi, 'yan ɗakin nan zuwa jibi sun manta. In na bar shi, ranar Juma'a falonku zai cika kamar kullum, su ji shi da bakinsa."

"Kai ma za ka shiga ciki," na ce.

"Ni? Hira na je yi da surukina. Ban rubuta komai ba, saƙonnin makon nan ma na goge su, ke ce shaida ba ki buɗe ba." Ya gyara min gefen mayafi. "Gidan talabijin kuwa murna za su yi. Masu kallo sun fi son a kama mai maguɗi a kan a ba da kyauta. Ba ke za a zaga ba, Gwana. Cewa za a yi makahon tsoho ya sato wa 'yarsa amsa."

Na dubi Baba. Yana zaune ya haɗa hannuwansa a kan sandarsa, hular da Yaya ta sha wahalar gyarawa ta karkace, yana ta tambayar Mama a hankali ko ya ɓata min wani abu.

"Me kake so?"

"Na faɗa wa Mama Asabar manyana za su zo. Ke kaɗai ce ba ki amsa ba." Ya kunna makirfon. "Za a maimaita tambayar. Kada ki ba Baba kunya, ya san kin sani."

Aka ƙirga, fitila ta yi ja. Mai Gabatarwa ya sake karanto ta da sabon murmushi kamar yanzu ya fara ganinta. Baba bai yi magana ba wannan karon. Ya dai karkata kunnensa wajena, leɓensa yana motsi, na san abin da yake faɗa. Danna, Auta.

Na danna. Na ce, "Zara." Tafin Baba ya fi na kowa ƙara.

Na ci zagayen ƙarshe, ga masu son sani. Malamin nan bai yi min barka ba, ya ɗauki jakarsa ya fita, kuma ban ga laifinsa ba.

Yau Laraba. Ban ba Mai Tambaya amsa ba, shi ma bai sake turo komai ba, ko ɗigo. Mama ta sauke labulen falo tana wanki saboda baƙin Asabar, Yaya tana waya tana gayyato maƙwabta kallon Juma'a, wai kowa ya zo da wuri don wannan karon har Baba za a nuna. Ni kuma ina ɗaki, wayar tana kan cinyata, na rubuta "to" na goge, na sake rubutawa na goge.

Baba yana kira na daga bakin taga. Ya ce in zo shayi zai huce, yana da sabuwar tambaya.